Jiragen 1946: Ƙagaggen Labarin Da Ake Sayarwa A Kwali

Akwai wani irin ƙagaggen labari da ba a rubuta shi da alƙalami. A kwali ake sayar da shi. Idan ka buɗe za ka tarar da gutsattsarin roba ruwan toka, da takardar umarni mai zane-zane, da 'yar takardar sitika. Ka yanke, ka goge, ka manna da gam, ka shafa fenti, bayan mako biyu ko uku sai ga ɗan jirgin yaƙi a tafin hannunka, da kujerar matuƙi da tayoyi da komai. Tun 1936 wani kamfanin Ingila mai suna FROG ya fara sayar da irin waɗannan jirage na roba, a ma'aunin da suke kira 1/72, wato kowane inci ɗaya yana madadin ƙafa shida, tsayin cikakken namiji. Yawancin abin da ake kwaikwaya jirage ne da suka yi yaƙi da gaske, aka san matuƙansu, aka san inda suka faɗi.

Amma sana'ar tana da wani reshe da masu sha'awarta suka raɗa wa suna Luft '46. Luft ɗin daga sunan rundunar sojin saman Jamus ta zamanin Hitila aka gutsuro shi, 46 kuwa shekarar 1946 ce. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai a watan Mayun 1945. Saboda haka sunan da kansa labari ne: a ɗauka Jamus ba ta faɗi ba, ta ƙara shekara guda, injiniyoyinta sun samu sararin ƙera jiragen da suka bari a takarda. Waɗannan jiragen ne kamfanoni irin su Revell da Huma da Amusing Hobby da MiniArt da Takom suka zuba a roba suke sayarwa.

Da wuya ka ci karo da kwalin a kasuwar Birnin Kudu ko ta Gwaram. Sai dai hotonsa ya riga shi isowa. Matashi a Maruta da ya sa datar ɗari biyu zai iya cin karo da shi a TikTok ko YouTube, an ɗora masa kiɗa mai tada tsikar jiki, an rubuta cewa ga asirin makaman Hitila da duniya ta ɓoye. Sau da yawa abin da yake kallo ɗan jirgin roba ne da wani gwani ya haɗa a ɗakinsa, ya ɗauka hoto da haske mai kyau, ko kuma zanen da ke bayan kwalin. Mu kuma dama mutane ne da suka yi imani da ƙarfen Jamus. Keken ɗinki, injin niƙa, tsohuwar Marsandi, da an ce ƙirar Jamus ce magana ta ƙare. Abin da ya sa muka ga ya dace mu karanta waɗannan kwalaye yadda muke karanta littafi ke nan, mu tambaye su abin da muke tambayar marubuci: me ka faɗa, me ka tsallake, kuma wa ka bari a waje?

Mu fara da ba su haƙƙinsu, don suna da shi. Ɗauki Focke-Wulf Ta 183. Gajeren jirgi ne mai ƙaton baki a gaba, fukafukansa sun karkata baya kamar na tsattsewa, jelarsa doguwa ta miƙe sama. Hans Multhopp ne ya zana shi a ofishin Kurt Tank. Faɗin fukafukansa mita 10 ne a takarda, a ma'aunin 1/72 kuwa bai wuce santimita 14 ba. Idan ka riƙe shi ka jujjuya, za ka fahimci abin da bayanin shafi goma ba zai fahimtar da kai ba: yadda injin ya cinye cikin jirgin, yadda matuƙi yake zaune a kan bututun iska, dalilin da ya sa aka ɗaga jelar. Hannu yana da irin karatunsa. Amurkawa sun san haka, shi ya sa a 1942 suka sa 'yan makaranta sassaƙa ƙananan jirage dubu ɗari biyar a wannan ma'auni, don sojoji su koyi bambance jirgin gida da na abokan gaba. Duk wanda ya taɓa zama da karan dawa da ƙaya yana haɗa mota bayan girbi ya san wannan daɗin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Matsalar tana farawa ne daga fenti. Ta 183 bai taɓa tashi ba. Ko ɗaya ba a kammala ba kafin sojojin Ingila su kama ofisoshin kamfanin a watan Afrilun 1945, injin da aka yi niyyar sa masa ma bai wuce matakin gwaji ba. Amma takardar umarni za ta ba ka launin runduna kaza, da lamba a gefen jiki, wani lokaci har da irin alamun da matuƙa kan zana idan sun harbo jirgin abokan gaba. Gwanayen haɗawa kuma sai su ƙara da nasu: su ɗan kankare fenti a inda takalmin matuƙi zai riƙa gogawa, su shafa baƙin hayaƙi a bakin bindiga, su sa laka a taya. Jirgin da bai taɓa shan mai ba sai ya fito da tabon yaƙi. A harkar rubutu wannan dabara ce da muka sani. Marubuci yakan ce rigar gwarzonsa ta yage a hammata don ka yarda mutum ne. Bambancin shi ne mai littafi ya rubuta "ƙagaggen labari" a bango. Mai tatsuniya ma yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ya rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Ɗan jirgin nan kuwa a kanta ɗaya ake ajiye shi da Spitfire, girmansu ɗaya, fentinsu iri ɗaya, babu abin da zai gaya wa mai kallo cewa ɗaya tarihi ne ɗaya mafarki.

Za a iya cewa ai da an ba shi lokaci da ya tashi. To, an ba shi. Kurt Tank ya koma Ajantina bayan yaƙi, gwamnatin Perón ta ba shi kuɗi da ma'aikata, ya ɗora a kan wancan tunani ya ƙera Pulqui II, wanda ya fara tashi a 1950. Shekara biyar ke nan, babu bam a kansa, babu ƙarancin abinci. Jirgin ya zo da wuyar sarrafawa, ya kashe matuƙan gwaji biyu, biyar kawai aka yi aka watsar. Daga nan Tank ya wuce Indiya ya zana wani da aka sa wa suna Marut (harafi ɗaya ya raba shi da Marutarmu), ya tashi a 1961, ya yi aiki, amma har ya yi ritaya bai samu injin da zai kai shi gudun da aka yi alkawari ba. Tsakanin zane da tashi akwai shekaru, da gawarwaki, da gyare-gyare ɗari. Kwalin yana tsallake duk wannan da sitika ɗaya.

Wanda ya fi ba mu dariya, kuma ya fi kyau a ido, shi ne Triebflügel. Wannan a tsaye yake zama kan jelarsa kamar tulu. Ba shi da fukafukai irin na jirgi. A ƙugunsa akwai zobe mai ɗauke da dogayen ruwan farfela uku, kowanne da ɗan injin a bakinsa, su riƙa juyawa su ɗaga shi sama. Kamfanoni aƙalla uku sun yi kwalinsa, kuma ba mu ga laifinsu ba, don abin kallo ne. Sai dai ka ajiye shi a tebur ka tambayi kanka yadda zai sauka. Matuƙi yana kwance rigingine, fuskarsa na kallon sama, zai dawo ƙasa da baya, ga wuƙaƙe uku suna juyi tsakaninsa da ƙasar da yake nema. Idan abu ya ɓaci ya yi tsalle da lema, cikin wuƙaƙen zai faɗa. Amurkawa sun gwada jirgi mai zama kan jela a 1954, suka ga saukar ta fi ƙarfin matuƙi in ba gwanin gwanaye ba, suka bari. Na Faransa ya faɗi a 1959. A nan roba ta yi wa mai lura adalci, domin duk aibin yana nan a fili ga wanda ya duba. Zanen kwalin ne ba ya so ka duba. Kullum a sama yake nuna shi, yana ratsa jiragen Amurka, ba ya taɓa nuna shi yana neman ƙasa.

Haka Silbervogel, tsuntsun azurfa, na Eugen Sänger da Irene Bredt, wanda aka ce za a harba daga dogo mai tsawon kilomita 3, ya haura sararin samaniya, ya zuba wa Amurka bam, ya je ya sauka a yankin da Japan ke riƙe da shi. Bayan yaƙi aka sake duba lissafin aka ga an yi kuskure wajen auna zafi: da ya dawo cikin iska da ya narke. Yana nan a kwali, sumul, yana ƙyalli.

Gam ne ya kamata mai haɗa jirgin roba ya fi kowa tunawa da shi, tunda da shi yake aiki. A watan Satumban 1944 Jamus ta nemi a yi mata jirgin jet mai arha, wanda har aka yi tunanin yara matasa na ƙungiyar Hitila za su tuƙa. Aka yi Heinkel He 162, fukafukansa na katako saboda alminiyam ya yi wuya. Ya tashi ranar 6 ga Disamba. Kwana huɗu bayan nan, a gaban manyan jami'ai, gam ya saki, gaban fiffike ya ɓalle, matuƙin gwaji Gotthold Peter ya mutu. Masana'antar da ke yin gam mai kyau bam ya riga ya cinye ta, wanda aka maye gurbinsa da shi kuma yana cin katako. Injin jet na Jumo 004, wanda aka sa wa Me 262, da ƙyar yake kai awa 25 kafin a sauke shi, saboda babu ƙarafan da ke jure zafi. Man jirgi ya ƙare, har ana jan jirage da shanu a wasu filaye. Ƙwararrun matuƙa sun mutu. Wannan ita ce ƙasar da ake ce mana shekara ɗaya kawai ta rage mata ta cika sama da abubuwan al'ajabi.

Su wa za su ƙera su? Wannan ce tambayar da babu kwalin da ya amsa. He 162 ɗin nan, a cikin wani tsohon ramin haƙar ma'adinai a Hinterbrühl kusa da Biyana aka riƙa haɗa jikinsa, kuma fursunoni daga sansanin gwale-gwale na Mauthausen ne suka yi aikin. A Mittelbau-Dora, inda aka yi rokar V-2 a ƙarƙashin dutse, mutum wajen 60,000 aka tura, kusan 20,000 suka mutu da yunwa da duka da cuta da rataya. Waɗanda suka mutu wajen ƙera rokar sun fi waɗanda ta kashe da aka harba ta. Idan yaƙin ya kai 1946, to waɗannan ramuka ma sun kai 1946, jiragen ƙasa masu kai Yahudawa sansanonin kisa su ma sun ƙara shekara suna aiki. Ba za ka ɗauki jirgin ka bar shekarar ba. Masu wannan sha'awa suna son haɗa ɗan fili kewaye da jirginsu: makanikai da sifana, motar mai, matuƙi yana shan taba, har da kare. Mutum mai kayan fursuna masu ratsi-ratsi ba ya cikin abin da aka saba sakawa a kwali.

Tambarin 'yan Nazi ma haka. Dokar Jamus ta hana nuna shi a kan kayan sayarwa, don haka Revell ba ya sa shi a takardar sitika. Wasu kamfanonin sai su raba shi gida biyu, rabi a nan rabi a can, mai haɗawa ya haɗa da hannunsa idan yana so. Mun daɗe ba mu ga abin da ya bayyana halin wata sana'a kamar wannan rabi-da-rabin ba. Kowa ya san abin da ake nufi, babu wanda ya ɗauki alhaki.

Wani zai ce mene ne namu a ciki, faɗan Turawa ne. Ba haka tsofaffinmu suka gani ba. Daga watan Satumban 1940 jiragen yaƙin Ingila a cikin akwatunan katako suke zuwa Takoradi ta ruwa, a haɗa su a can gunduwa-gunduwa, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wadda yau ake kira N'Djamena, su ratsa Sudan zuwa Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya, kuma zangon Kano zuwa Maiduguri ta saman ƙasar da yau muke kira Jigawa yake wucewa. Jamusawa sun san da ita. A watan Janairun 1942 wani jirginsu ƙirar He 111 ya ratso Sahara daga Libiya ya zuba bam a Fort Lamy, ya ƙone man da aka tara. Rundunar sama ta 91 ta Ingila sunan Najeriya take ɗauke da shi, saboda kuɗin da aka tara a ƙasar nan don sayen jirage. An kwashi mazajenmu zuwa Bama. An kwashi wasu dubbai da ƙarfin tsiya zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su, don kada wani ya ɗauka muna wanke Ingila ne.

Kuma jirage ba su ne kaɗai abin da Jamus ta bari a takarda ba. A 1940 jami'anta sun zana taswirar daular da za su kafa a tsakiyar Afirka, daga Tekun Atilantika zuwa na Indiya, wasu daftarorin har da Najeriya da yawancin Nijar da Chadi a ciki. Sun tsara dokar da za ta raba jinin fari da na baƙi. A watan Yunin wannan shekara, a Chasselay ta ƙasar Faransa, sojojinsu sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka miƙa wuya daga farare, suka harbe su. Duniyar da Arado E.555 yake tashi ya nufi New York ita ce duniyar da wannan taswira ta tabbata. Matashin da ke Maruta yana yaba ƙirar jirgin a wayarsa, yana da wuri a cikin wancan labari, kuma ba kujerar matuƙi ba ce.

Mu ma muna da irin wannan labari a adabinmu, kuma ya girmi nasu. Gandoki na Malam Bello Kagara ya fito a 1934, shekara talatin da ɗaya bayan Burmi. Gwarzon ya yi yaƙi da Turawa, aka ci su, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas. Daga inda tarihi ya ƙare da kaye, sai littafin ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasashen aljannu, inda takobi yake da amfani har yanzu, ya yi ta cin nasarar da ta gagara a gida. Ciwon ɗaya ne da na Luft '46: wanda aka kayar yana neman filin da zai rama. Sai dai Kagara ya fi su gaskiya ta fuska biyu. Bai ɓoye kayen ba, da shi ya fara. Sannan da ya tashi yin ƙarya sai ya kira aljani, yadda ko yaro ya san an tsallaka. Masu kwali kuwa da lissafi da lambobi suke tasu ƙaryar, cikin muryar injiniya.

Muna faɗin haka ne saboda marubutanmu na intanet sun fara leƙa irin wannan fage na "da a ce", kuma muna so su shiga sosai. Da a ce Attahiru ne ya yi nasara a 1903 fa? Da a ce ganuwar Kano ta tsaya? Fage ne mai albarka. Amma wanda ya rubuta shi ya ba mu dawakai da lifidi da algaita kawai, ya manta da rinji da bayin da ke noma a cikinsa, da kasuwar da ake sayar da mutum, to ya yi mana kwalin Revell ne da Hausa. Labarin "da a ce" yana da nauyi ne idan marubuci ya biya kuɗin duniyar da ya ƙirƙira gaba ɗaya, har da ɓangaren da ba zai so a gani a bango ba.

Idan jirgin da bai kai ga tashi ba ake nema, muna da wanda ya fi ba mu sha'awa. A 2007 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic, da kujerun tsohuwar Toyota, da tarkacen alminiyam. Bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Ƙafa bakwai ɗin nan sun fi duk abin da Ta 183 da Triebflügel da Silbervogel suka yi a haɗe, kuma babu wanda aka ɗaure a rami kafin a same su. Jirgin karan da yaro yake yi ma yana da wannan kirki. Ɓawon kara ne da totuwa, kowa yana gani, ba ya cewa ya taɓa zuwa yaƙi, rana ta uku akuya ta cinye shi.

Akwai kuma Air Beetle, ɗan jirgin koyon tuƙi na sojin saman Najeriya. Shi da kansa daga kayan haɗi ya samo asali, ƙirar RV-6A ta kamfanin Van's na Amurka, wanda aka riƙa sayar wa mutane su haɗa a garejinsu. An gyara shi, aka haɗa guda 60 a Kaduna, ya tashi, ya koyar da matuƙa. Ba shi da kyan Ta 183, ba shi da bindiga, babu wanda zai ɗora masa kiɗa a TikTok. Faɗin fukafukansa ƙafa 23 ne. A ma'aunin 1/72 bai cika inci huɗu ba, gaɓar kara ɗaya ta isa.